Kafin a sayar da tsohuwar Peugeot ga 'yan gwangwan

A bayan gidajen ma'aikata da dama a Kubwa da Karu da Nyanya da Gwagwalada akwai motocin da suka shekara a tsaye, an ɗora su a kan duwatsu an lulluɓe da tamfol. Galibinsu Peugeot 504 ne ko 505, waɗanda Bahaushe ke kira Fijo, sai jefi-jefi a ga tsohuwar Marsandi. Wasu gadon iyaye ne. Wasu kuma an saye su da arha bayan shekarar 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alfarmomin ma'aikata zuwa kuɗi, aka yi gwanjon motocin ofis. Abin da ya ajiye yawancinsu ɗaya ne, wato gajiyar inji. Ya fara shan baƙin mai, ya koma hayaƙi, daga bisani ya buga. A wancan lokaci ajiye irin wannan mota shi ne hankali, domin ma'aikaci mai matsakaicin matsayi yana iya haɗa rancen ƙungiyar gama-kai ta ofis da ɗan abin da ya tara, ya sayi Corolla ko Honda 'yar Kwatano.

Wannan ƙofa ta kusa rufewa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin kwana biyu litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja, kuma a watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Da yake da farashin dala ake sayen motar waje, kuma da shi hukumar kwastam ke lissafin kuɗin fito, sai farashin 'yar Kwatano ya yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun watan Yuli na 2024, a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

A irin wannan hali, motar da ke ƙarƙashin tamfol ta cancanci a sake duba ta. Sake gina injinta hanya ce ta samun abin hawa na zuwa aiki kullum a kan kuɗin da bai kai na sayen wata motar ba. Sai dai akwai sharaɗi, kuma a kansa ne mafi yawan masu gwada wannan hanya ke faɗuwa. Dole a yi aikin da awo, bisa lambobin da kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta, kuma a yi shi da nufin ɗorewa. In aka bar shi ga ƙiyasin ido da ƙarfin dantse, kuɗin ya tafi, motar kuma za ta koma kan duwatsunta kafin damina ta zagayo.

Dalilin da ya sa injin ke karɓar gyara

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, gasar da ta yi suna wajen karya motoci. A shekarar 1975 ɗin ce kamfanin PAN, wanda aka kafa a 1972, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wannan tsawon zama shi ya sa har gobe ake samun kayanta a Zuba da Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas da kuma Nnewi, kuma shi ya sa da wuya a rasa bakaniken da ya san cikinta a kowane babban gari.

Injin da ya fi yawa a cikin waɗannan motoci shi ne wanda kamfanin ya sa wa lamba XN1, mai silinda huɗu da girman sisi 1,971. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, murfinsa na sama, wanda kanikawa ke kira tof silinda, na alminiyam ne, kuma sarƙa ce ke daidaita buɗewar bawul-bawul ɗinsa. Babbar falalarsa ita ce ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin gangar aka huda su ba. Bututu ne huɗu masu cirewa, waɗanda ake kira silib, ruwan sanyaya inji na zagaye su kai tsaye. Idan suka cinye sai a zare su, a zura sababbi tare da fistin da ringi da aka haɗa daidai da su tun daga masana'anta. Ma'anar haka ita ce, sashen da ya fi kowane cinyewa a inji ana iya mayar da shi sabo fil ba tare da an taɓa gangar ba. Injinan ƙananan motoci na zamani da yawa ba a yi su da wannan tunani ba. An yi su ne su yi aiki tsawon lokaci cikin tsimin mai, in sun ƙare a sauya su ɗungurungum.

Haka kuma babu kwamfuta a cikin wannan inji. Kafireto ke haɗa mai da iska, distiributa ke raba wuta ga fulogi. Duk abin da ya lalace ana ganinsa, ana auna shi, ana kuma iya gyara shi a Lokoja ko a Akwanga kamar yadda za a gyara a Apo. Tsofaffin Marsandi 200 da 230 na shekarun 1970 da 1980 su ma an yi injinansu ne don a riƙa sabunta su, duk da cewa kayansu sun fi tsada.

Tarkon injin Beljiyam

Shawarar farko da mai mota zai ji a gareji ita ce ya manta da gyara, ya sayi injin Beljiyam a dasa masa. Shawarar tana da daɗin ji, domin aikin kwana biyu ne, kuma ladan bakanike a fili yake. Ga motar da ba ta wuce shekara goma sha biyar ba, sau da yawa shawarar daidai ce. Ga 504 kuwa lissafin daban ne. Turai ta daɗe da daina sa wannan inji a mota, don haka duk wanda aka ce daga can ya fito ya haura shekara 30 da ƙerawa. Wani ma bai taɓa ganin teku ba, daga wata motar haya ta nan gida aka ciro shi, aka wanke da kananzir aka fesa masa fenti. Mai saye bai san kilomita nawa ya yi ba, bai san sau nawa ya tafasa ba, garantin da za a ba shi kuma ba ya wuce 'yan kwanaki. Ya sayi matsalar wani ne da kuɗinsa.

Wanda ya sake gina injinsa kuwa ya san abin da ke ciki, domin a gabansa aka buɗe, aka auna, aka rufe. Wannan sani shi ne ainihin abin da yake biya, kuma shi ne abin da ke ba mutum ƙarfin zuciyar tayar da mota da asuba ya nufi Sakatariyar Tarayya ba tare da fargabar tsayawa a gadar Nyanya ba.

Bambancin gina inji da sa ringi da metal

Abin da aka saba yi a gareji da sunan gyaran inji shi ne a sauke shi, a sa sabon ringi da sabon metal, a liƙe da gam, a mayar. Injin zai tashi, hayaƙi zai ragu, mai mota ya yi godiya ya tafi. Bayan wata uku ko huɗu sai shuɗin hayaƙi ya dawo, fitilar mai ta fara ƙiftawa a cunkoso. Dalili kuwa sabon ringi zagayayye ne, ramin da aka sa shi ya riga ya cinye ya zama kamar ƙwai, don haka ba za su taɓa haɗuwa ba. Haka sabon metal a kan karanshaf mai zane, cinye shi zai yi. Tazarar da ake buƙata tsakanin metal da karanshaf ba ta wuce kaurin gashin kai ba, kuma a cikin wannan 'yar tazara baƙin mai ke shimfiɗa don hana ƙarfe gogar ƙarfe. Babu idon da ke auna irin wannan, komai daɗewar mai shi a sana'a.

Aikin gaskiya yana farawa ne tun kafin a kwance ƙusa ɗaya. Ana gwada ƙarfin matsin kowace silinda da ma'auni, a kuma duba ƙarfin tura mai, domin wani injin da ake zaton ya mutu bawul ne kawai ya ƙone ko gaskit ya fashe. Idan gwaji ya nuna sai an buɗe, to a kwance shi gaba ɗaya a kan tebur mai tsabta, nesa da yashi da ƙurar gareji. A wanke gangar har cikin ƙananan hanyoyin da mai ke bi, domin dattin shekara talatin da ya daskare a can shi ke kashe sabon metal a makon farko. A auna karanshaf da maikuromita. Idan ya cinye a kai shi wurin masu na'urar feƙe ƙarfe, sannan a sayi metal daidai da abin da aka rage, kuma a sake aunawa bayan ya dawo. A gwada kowane ringi a cikin silib ɗinsa a ga tazarar bakinsa kafin a ɗora shi a fistin.

A injin Peugeot akwai wani awo da rashin yinsa ya kashe injina da yawa. Kowane silib dole ya ɗan ɗago sama da fuskar gangar da wani ɗan ƙaramin kaso na milimita, kuma huɗun su zama daidai, don tof silinda ya danne su gaskit ya kama. Idan ɗaya ya nutse, ruwa zai sami hanyar shiga mai, sai a ga baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Shi kansa tof silindan, da yake alminiyam ne, yakan lanƙwashe idan inji ya taɓa tafasa, saboda haka a duba fuskarsa da miƙaƙƙen ƙarfe, a gwada shi ko ya tsage, a gyara mazaunin bawul da hanyoyinsu. Kusoshinsa kuma a ɗaure su bi da bi, bisa jerin da littafin injin ya tsara, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ɗaura bututu a ƙotar sifana a hau da ƙafa shi ne ke tsinke ƙusa ko ya murɗe murfin. Famfon mai da sarƙar taimin da abin da ke ɗame ta, duk wannan ne lokacin sauya su, tun da inji a buɗe yake.

Mai neman motar zuwa aiki ya kuma guji shawarar masu son gudu. Rage kaurin tof silinda fiye da kima don ƙarin ƙarfi, ko dasa babban kafireto, yana ƙara zafi da shan mai, kuma yana sa inji ƙwanƙwasa idan aka sha man da ba shi da inganci. Ma'aunin da kamfani ya bayar shi ne aka gwada a miliyoyin motoci. Canjin da ya cancanta ƙalilan ne, kuma duk na rage wahala ne. Mafi amfani a cikinsu shi ne sauya kwantak na distiributa da na'urar wuta ta lantarki, wadda ba ta cinyewa balle a riƙa saita ta kowane wata. Sai sabunta duk robobin da fetur ke bi da sa matatar mai mai kyau, darasin da gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a watan Fabrairu na 2022 ya koya wa masu motoci da yawa.

Zafi ne babban makashi

Sabon inji a bayan tsohon lagireto asarar kuɗi ce. A watannin Maris da Afrilu zafin Abuja kan doshi digiri 40, kuma mai fitowa daga Mararaba ko Masaka yana iya shafe sa'a guda yana jan ƙafa kafin ya kai AYA. A irin wannan tafiya iska ba ta bugun lagireto, fanka da famfon ruwa kaɗai ke riƙe da inji. Don haka tsarin sanyaya inji rabin aikin ne. A wanke lagireto ko a sauya cikinsa, a sa sabon famfon ruwa da sababbin robobi da fambel, a tabbata murfin lagireton yana riƙe matsi, allurar zafi da ke gaban direba kuma tana faɗin gaskiya.

Akwai al'adu biyu da suka zama ruwan dare a garejojin ƙasar nan, kuma dukansu suna rage wa inji kwana. Ta farko ita ce cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, da hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne. Inji yana da zafin da aka tsara ya yi aiki a kai. Idan ya daɗe bai kai wannan zafi ba, musamman da safiyar hunturu, fetur ba ya ƙonewa sosai, yana wanke man da ke jikin silinda, cinyewa ta ƙaru, shan mai ma ya ƙaru. Inda mota ke tafasa, laifin yana wani wuri, galibi a toshewar lagireto ko fanka, cire tamostat ɓoye cutar kawai yake yi. Ta biyu ita ce zuba ruwan rijiya ko na leda zalla. Ruwa zalla yana cin alminiyam, yana sa tsatsa a gindin silib inda yake zaune a kan gangar, yana kuma tara farin dutse a lagireto. Ruwan sanyaya inji na kanti, mai maganin tsatsa, shi ne ya dace.

Bayan an haɗa inji kuma sai haƙuri. Kilomita 1,000 na farko na sabawa ne, ba a cika totur, ba a ɗaukar kaya mai nauyi, ba a kuma barin inji yana ta aiki a tsaye na tsawon lokaci. Daga nan a yi juye a sauya matatar mai, domin ɓurɓushin ƙarfen da sababbin kaya suka zubar yana ciki. A sake duba ɗaurin tof silinda da tazarar bawul kamar yadda littafin ya tanada. Wanda ya karɓi mota ranar Alhamis ya kama hanyar Kano ranar Juma'a don ɗaurin aure, ya fafe gora ranar tafiya.

Rabon laifi tsakanin bakanike da mai mota

Ba adalci ba ne a ɗora wa kanikawa dukan laifi. Mai mota ne ke zuwa ya ce yana son motarsa jibi, ya yi ta ciniki har ya kai aikin inda ba riba sai an yi ha'inci, sannan ya zaɓi gaskit mafi arha a kasuwa. Araha kuwa ba ta ado. Ma'aikacin gwamnati, wanda ya saba da takardar kwangila da rasit da rahoton kammala aiki a ofis, bai kamata ya miƙa aikin dubban ɗaruruwan naira da baki kawai ba. A rubuta abin da za a yi da kayan da za a saya. A raba biyan kuɗi kashi uku, bayan kwancewa da awo, bayan haɗawa, sai na ƙarshe bayan juyen farko. A nemi bakanike ya rubuta lambobin da ya auna, ya kuma dawo da tsofaffin kayan da ya cire. Bakaniken da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan. Tambaya ɗaya ma ta isa tantancewa: ina maikuromita, ina sifanar awo? Wanda ba shi da su yana iya zama gwani a birki ko giya, amma bai shirya gina inji ba.

Hujjojin masu adawa

Masu ganin wannan hanya ɓata kuɗi ce suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko shan mai. Injin kafireto na shekarun 1970 ba zai taɓa yin tsimin injin zamani ba. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke yin kilomita 50 a rana, kwana 22 a wata, wato kilomita 1,100. In aka ƙaddara tsohuwar motar na shan lita 12 a kilomita 100, ƙaramar mota ta zamani kuma lita 8, bambancin lita 44 ne a wata. A kan naira 1,000 kowace lita, naira 44,000 ke nan a wata, ko 528,000 a shekara. Kuɗi ne mai yawa ga mai albashi. Amma in aka ƙaddara cewa tazarar da ke tsakanin kuɗin gyaran da kuɗin sayen wata motar ta kai naira miliyan 5, sai an yi fiye da shekara tara kafin tsimin man ya biya wannan tazara, ban da ruwan bashi. Kowa yana iya sa nasa alƙaluman a wannan lissafi. Wanda tafiyarsa ta ninka haka zai ga amsar ta sauya, kuma ya kamata ya bi abin da lissafin ya nuna masa.

Iskar gas ta CNG, wadda gwamnati ta kafa wa shiri na musamman a 2023, tana iya rage wannan gibi, kuma injin kafireto yana karɓar ta cikin sauƙi. Sai dai gas busasshe ne, ya fi fetur cin mazaunin bawul, saboda haka mai wannan niyya ya faɗa tun lokacin gyaran tof silinda, ya kuma riƙa duba tazarar bawul a kai a kai. Tukunyar kuma a sa ta a cibiyar da hukuma ta amince da ita. Fashewar da ta auku a wani gidan gas a Benin a watan Oktoba na 2024, wadda hukumomi suka danganta da tukunyar da aka haɗa da walda, ta isa gargaɗi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce kariyar rai. 504 ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, kuma jikinta bai kai na motocin yau iya shanye karo ba. Babu gyaran injin da zai canza wannan. Abin da mai ita zai iya yi shi ne ya ware wa birki da taya da sitiyari da fitilu da bel ɗin kujera kasonsu a cikin kasafin tun farko, ya kuma san cewa motar kai-da-kawo ce a cikin gari da matsakaicin gudu. Idan tsatsa ta ci ƙasan motar ko inda ƙafafunta ke ɗaure, to magana ta ƙare, a bar wa 'yan gwangwan, domin inji mai lafiya a ruɓaɓɓen jiki haɗari ne ga mai shi da sauran masu bin hanya.

Ta uku hayaƙi. Masar ta fara janye tsofaffin tasi daga titunan Alƙahira a 2009, cikinsu har da 504 masu yawa, saboda gurɓatar iska. Gaskiya ne tsohon inji, ko da sabon gini ne, ya fi na zamani fitar da guba. Amma a Abuja ta yau zaɓin da ke gaban ƙaramin ma'aikaci ba tsakanin 504 da sabuwar mota yake ba. Abin da zai iya saya mota ce da ta yi shekara ashirin, wadda sau da yawa an riga an fasa salansarta an cire matatar hayaƙin an sayar. Injin da aka gina da kyau aka saita kafiretonsa ya fi wanda ke ƙona baƙin mai sauƙi ga huhun jama'a.

Akwai hujja ta huɗu da ba a cika faɗa a fili ba, ita ce kunya. Hadimin minista ko na sanata yana jin nauyin ajiye Fijo kusa da jerin Prado. Amma a ƙarshen shekarun 1970, ƙarƙashin manufar tsuke bakin aljihu ta gwamnatin soja ta Obasanjo, wannan motar ce ta manyan jami'an gwamnati, kuma ba a ji mutuncin ofis ya ragu ba. Bashin motar da ke cinye rabin albashi ya fi tsohuwar mota jefa ma'aikaci cikin abin kunya, domin shi ne ke kai mutum ga karɓar abin da bai kamata ya karɓa ba.

Abin da ke hannun masu rubuta takardun gwamnati

A ƙasashen da suka ci gaba sabunta inji masana'anta ce mai zaman kanta. Kamfanin Renault ya buɗe masana'antar sabunta injina a Choisy-le-Roi kusa da birnin Paris a 1949, inda aka riƙa karɓar tsohon inji a ba da wanda aka sabunta tare da garanti. A Najeriya kuwa, inda ake sayen kusan kowace mota da dala, an bar wannan aiki a ƙarƙashin bishiya. Kowane injin da aka sabunta a gida dala ce da ba ta fita ba, kuma aiki ne ga bakanike da mai feƙe ƙarfe da mai gyaran lagireto.

Waɗanda ke rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardu suna da abin yi a nan. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, tana iya haɗa kai da ƙungiyar kanikawa ta NATA su tantance garejojin da ke da kayan awo, su ba su shaida, su wajabta musu garanti a rubuce. Kamfanin bayar da lamuni na CREDICORP, wanda aka kafa a 2024 kuma ya fara da ma'aikatan gwamnati, yana iya sa sabunta mota a irin waɗannan garejoji cikin abubuwan da yake ba da rance a kai, tun da rancen ƙarami ne kuma biyansa ya fi sauƙi. Hukumar SON ta matsa wa masu shigo da jabun ringi da gaskit da matatar mai, domin su ne ke rusa aikin bakanike mai gaskiya. Jami'an duba lafiyar motoci na Abuja kuma su auna birki da hayaƙi da fitila, su yi hukunci da sakamakon, shekarar ƙira kaɗai ba ta faɗin lafiyar mota. Haka motocin da ke jibge a harabar ma'aikatu da hukumomi, kafin a yi gwanjonsu a farashin ƙarfe, ya kamata a sa masani ya gwada injinansu ya faɗi waɗanda za su tashi.

Akwai kuma batun lokaci. Kanikawan da suka koyi wannan inji a zamanin da Kaduna ke fitar da shi suna tsufa, yaran da ke tasowa a gareji kuma na'urar gano matsala ta kwamfuta suka fi sha'awa. Kwalejojin fasaha da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF suna iya ɗaukar waɗannan dattawa su koyar da awo da haɗa inji, ilimin da ke aiki a kowace mota, tsohuwa ko sabuwa, har da janareta da injin ban ruwa.

Ga ma'aikacin da ke da irin wannan mota a bayan gida, matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa. A yaye tamfol, a ɗaga motar a duba ƙasanta da fitila, a ga ko inji na juyawa da hannu, a gwada matsin silinda, a tabbata takardunta suna nan, sannan a je kasuwa da jerin kaya a jiyo farashi daga shago uku. Bayan haka ne za a san ko za a kira bakanike ko kuwa mai sikelin gwangwan.